Sunayen da Orwa Ya Bari

Ranar Talata da hantsi Gwaggo Akeyo ta kira Ogweno a waya, kuma kamar yadda ta saba, gaisuwa ba ta samu shiga ba.

"Ɗan Oyugi, Asabar za a rufe baffanka Orwa. Dangi sun gama zama. Ka taho mana da sunayen."

"Waɗanne sunaye, Gwaggo?"

"Ji shi fa! Waɗanne sunaye. Na kifayen tafki. Sunayen kakanninka mana, Injiniya. Ba kai ka kwaso mana mutanen nan masu igiyoyi suka tasa shi gaba yini guda ba?"

"Suna nan, Gwaggo. Mu babu abin da ke ɓacewa a wurinmu."

"Oho dai. Ka haɗo da sukari da ganyen shayi, 'yan makoki sun kusa cinye mu."

A gidansu Ogweno, can tsibirin Mfangano, ba a rufe dattijo sai an tsaya a bakin kabari an kira iyayensa ɗaya bayan ɗaya, daga wanda ya haife shi har zuwa wanda ya fara jan kwalekwalensa kan yashin tsibirin, domin su san mai zuwa su yi masa wuri. Fastoci uku sun hana, sun gaji, sun haƙura. Shekara arba'in Orwa ne ke wannan kira, da harshen Suba, sunaye goma sha huɗu, kowane da abin da aka san mai shi da shi. Sauran dangi kuwa tuni harshen Luo ya cinye bakinsu, sai dai su tsaya su sunkuyar da kai su ce amin. Yanzu mai kiran ne kwance a ɗakin ajiyar gawa a Mbita, kuma babu mai kira masa.

Ogweno ya ajiye wayar ransa fes. Kunya ce a faɗa, amma har da ɗan daɗi ya ji. Shekara talatin da biyar dangi na yi masa kallon wanda karatu ya lalata, mutumin da bai iya ɗaura ƙugiya ba, bai san Suba ba sai sannu da na gode. Yau ga shi su ne ke nemansa.

Aikinsa rubuta manhaja ne a wani kamfani a Kisumu, hawa na uku, tagar na kallon tafki. Wannan shi ne na cin tuwo. Na zuciya daban yake. Shekara huɗu ke nan yana ba da Asabar da Lahadinsa kyauta ga wani rumbun muryoyi da ke intanet, inda masu binciken harsuna ke tara maganganun tsofaffi da ƙananan harsuna kafin tsofaffin su tafi da su. Wata malamar jami'a, Dakta Nasambu, ita ke riƙe da ɓangaren Suba. Ogweno ne ya kai ta gidan baffansa shekara uku da suka wuce, da ita da ɗalibanta biyu. Ya gabatar da su, ya ga an ɗaura wa tsohon abin magana a wuyan riga, sannan ya hau dutse neman sabis saboda wani aikin ofis. Ko da ya sauko an gama, ana cin ƙananan kifayen omena da tuwon masara. Bai damu ba. Abin da aka ɗauka ai an ɗauka, kowace rana ma ya ji.

Ranar ba ta zo ba sai yau. Ya jawo kwamfutarsa, ya shiga rumbun, ya nemo fayil ɗin. Minti arba'in da bakwai. Ya saka abin sauraro a kunnuwa, ya buɗe fassarar da ɗaliban suka yi a gefe, ya danna.

Muryar Orwa ta cika masa kai, da kaushinta da tarin tabarta, har ana jin kaza na ƙorafi a bayansa. Tsohon ya yi labarin iska, wadda ke tasowa da rana da wadda ba a shiga ruwa in ta taso. Ya yi labarin yadda ake zaɓen itacen kwalekwale. Ogweno ya riƙa tsallakewa har minti na talatin da takwas, inda fassarar ta nuna an zo kan zuriya. Orwa ya gyara murya ya ce, "Ni ne," sai sautin ya ɗauke ɗif. Ba kaza, ba iska, ba numfashi. Daƙiƙa ɗaya, sai muryar ta dawo. "Ɗan," ta sake ɗaukewa. "Wanda ya gina gidan nan da hannu ɗaya, ɗan," shiru. A cikin rubutun ma, duk inda suna ya kamata ya zauna, wani ɗan baƙin layi ne a kwance.

Ya tsayar da shi. Ya san wannan shirun. Shi ya ƙera shi.

Dokar rumbun ce ba a sakin muryar kowa ga duniya da sunayen mutane a ciki. Dalili mai kyau ne: tsoho in ya saki baki sai ya faɗi wanda ya saci akuya da wadda ta haihu ba miji, ga jikokinsu suna raye. Da hannu ɗalibai ke cirewa, awa ɗaya ta magana ta ci musu yini uku. Ogweno ya ga wannan wahala ya ce haba. Tunda masu rubutawa sun riga sun sa wa kowane suna alama, ya rubuta 'yar manhaja da ke bin alamun tana share sunan a rubutu da a murya lokaci guda. Aikin wata shida ta gama shi kafin shayi ya huce.

Su kuma masu rubuta manhaja suna da tasu al'adar da suke ji da ita kamar addini: ba a shigar da aikin mutum sai wasu biyu sun duba sun sa hannu. Nasa, wata mata a Cape Town ta duba, da wani mutum a Turai wanda Ogweno bai taɓa ganin fuskarsa ba. Mutumin nan ne ya rubuto cewa aikin ya yi kyau, amma takardar da tsofaffi ke dangwalawa ta yi alkawarin ba za a ajiye sunan kowa ba, to ina amfanin sharewa in ainihin fayil ɗin na nan a ɓoye? Gaskiya ya faɗa. Ogweno ya ƙara layi shida waɗanda ke goge ainihin bayan kwana casa'in. Mutum uku masu kaifin kai suka duba layi shida, suka gyara waƙafi, suka yi muhawara kwana biyu kan ko casa'in ko sittin. A cikinsu babu wanda ya ce bari mu saurari abin da za mu goge. Ba aikinsu ba ne. Su layuka suke dubawa.

"Kai, lafiya? Ka yi tsuru-tsuru kamar an kama ka da kazar maƙwabta."

Jerop ce, abokiyar aikinsa da ke teburin gefe, riƙe da fanken da suke kira mandazi a takarda. Ya juya mata kwamfutar, ya faɗa mata a taƙaice. Ta daina tauna.

"To ai akwai kwafin ajiya. Kar ka tayar mana da hankali a banza."

"Har can manhajar take bi."

"Wa ya ce ta bi har can?"

"Ni."

"Na Cape Town fa? Ai suna riƙe da nasu."

"Shi ma. Na rubuta wa manhajar ta tabbatar babu inda ya rage. Har gwaji na rubuta, wanda zai yi ƙara in an samu kwafi ko ɗaya."

Jerop ta dube shi ta girgiza kai. "Ogweno, duk ofishin nan babu wanda aikinsa ke yin abin da aka ce ya yi sai naka. Ka ga inda ƙwarewa ta kai ka." Ta ga fuskarsa, ta sassauta. "Matso. Bari mu tona."

Suka tona har la'asar. Jerop ta san duk wani lungu da fayil ke maƙalewa in an yi sakaci, kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana fatan Ogweno ya yi sakaci ko sau ɗaya a rayuwarsa. Bai yi ba. Ta jingina da kujera ta ce, "Ni dai da ni na rubuta, da yanzu akwai kwafi goma a warwatse."

Laraba ya samu Dakta Nasambu a waya. Ta saurare shi har ya gama.

"Katin na'urar fa, Dakta?"

"Mun goge mun sake ɗauka a kai, ya fi sau ashirin. Kai ka rubuta mana a takardar ƙa'ida cewa da an ɗora a goge."

"Ɗalibin da ya rubuta fa?"

"Yana koyarwa a Homa Bay. Zan ba ka lambarsa, amma kar ka sa rai. Tsofaffi sittin ya rubuta a shekarar nan." Ta ja numfashi. "Ogweno, ba kai kaɗai ba ne. Ni na ji zuriyar nan da kunnena, na ce wannan ita ce mafi tsada a duk abin da muka samo. Sannan na sa hannu a kan manhajarka ban haɗa biyun a kaina ba. Yanzu da kake magana nake tuna akwai wasu irinta, bakwai ko takwas. Ka tsayar da abin nan yau."

Ya tsayar. Layi ɗaya ya isa, bai kai minti biyu ba, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai. Malamin Homa Bay kuwa ya tuna tsohon sarai, ya tuna kazar, ya tuna an ba su kifi. Suna dai ya ce kamar akwai wani mai farawa da Ki, ko kuwa na wani tsoho ne a Rusinga, bai tabbata ba.

Alhamis Ogweno ya zauna ya ɗauko takarda da niyyar da bai gaya wa Jerop ba. Ya san biyar na farko, tsofaffin gida ma sun sani. Tara suka rage. Akwai littattafai da ke ɗauke da tsofaffin sunayen Suba, kuma wa zai ƙaryata shi? Sai ya ce na'urar ta lalace amma ga rubutun. Ya rubuta uku, masu daɗin faɗa. A na huɗu hannunsa ya ƙi. Ba tsoron fatalwa yake ba, shi mutumin coci ne sama-sama, mutumin kwamfuta da gaske. Abin da ya tsaya masa shi ne, in ya karanta su ranar Asabar, wani zai ɗauka a waya, kuma daga ranar sun zama kakanninsu har abada. Ya yayyaga takardar ya zuba a kwando.

Juma'a da sassafe ya hau matatu, ƙaramar motar haya, zuwa Luanda Kotieno, da sukari da ganyen shayi a kan cinya. Jirgin fito ya tsallaka da shi Mbita, daga nan kwalekwale mai inji. A cikinsa akwai 'yan uwa biyu daga Nairobi da suka gane shi, suka yi ta tsokanarsa.

"Ga mai kakanninmu a aljihu! Ka riƙe jakar nan da kyau, kar ruwa ya taɓa su."

Ya yi musu yaƙe. Ya ƙanƙame jakar har suka sauka.

Gidan ya cika. An kafa rumfuna biyu, kujerun roba jere, mata na ta fama da manyan tukwane a bayan ɗaki. Ya samu Gwaggo Akeyo zaune a kan turmi tana tsince omena a faifai, ƙanwar ubansa, mai shekara saba'in da baki kamar reza. Ya ajiye kayan, ya durƙusa kusa da ita.

"Ka rame. Ba sa ba ku abinci a Kisumu? Ina suke?"

Ya faɗa mata. Ya fara da dokar rumbun, da takardar dangwale, da mutumin Turai, sai ya ji kansa yana magana kamar a taron ofis, ya tsaya. Ya ce, "Gwaggo, muryarsa na nan. Sunayen babu. Ni na goge su."

Hannunta bai daina tsincewa ba.

"Wani ya sa ka?"

"A'a."

"Ka yi faɗa da shi ne?"

"A'a, Gwaggo. Don a kare mutane aka yi. Don kar a ji sunan wani a yi masa sharri."

"A kare wa? Mutumin da ya mutu tun kafin Bature ya ga tafkin nan, shi za ka kare? Daga wa?" Ta ɗago ta dube shi a karon farko. "Ka saurara kafin ka goge?"

Ya sunkuyar da kai. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da aikinta. Ya so ta zage shi, ya san ta iya, ya taɓa ganin ta sa shugaban masunta kuka a bakin ruwa. Ba ta zage shi ba, kuma bai taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan zaman ba.

"Zan gaya wa dattawa," ya ce. "Sai a tsallake wurin."

"Ba za a tsallake ba. Gobe za ka tsaya a bakin ramin ka kunna abin da ka kawo. Yayana ne zai yi kiransa da bakinsa. Abin da ya rage a ciki, shi za a ji."

"Gwaggo, gaban mutane..."

"Gaban mutane. Tashi ka gai da na rumfa, suna ta tambayarka."

Asabar rana ta buɗe da zafi. Aka yi waƙoƙi, aka yi jawabai masu tsawo, kowa ya faɗi yadda marigayin ya ƙaunace shi fiye da kowa. Da azahar aka sauke akwatin a ramin da aka haƙa gefen ɗakinsa. Fasto ya rufe littafinsa ya ja baya taku biyu, yana duban itatuwa, kamar yadda fastoci suka saba yi in an zo wannan wurin. Gwaggo Akeyo ta yi wa Ogweno nuni da haɓa. Ya haɗa wayarsa da lasifikar makokin, ya danna.

Da muryar ta fito mata suka fashe da kuka. Orwa ya yi tari, ya gyara murya.

"Ni ne," in ji shi, sai shiru.

Mutane suka dubi lasifikar, wani ya ce waya ce ta motsa. Amma Gwaggo Akeyo ta ɗaga murya ta ce, "Orwa."

"Ɗan," in ji muryar.

"Nyakinda," in ji Gwaggo, wannan karon da mutum goma tare da ita. Aka gane abin da ke faruwa. Babu wanda ya tambayi dalili.

"Wanda ya gina gidan nan da hannu ɗaya, ɗan..."

"Kisera!" Rumfa biyu suka amsa. Ogweno ya riƙa tsayar da muryar a kowane gurbi don a samu sararin faɗa. Na huɗu ma ya fito da ƙarfi. A na biyar muryoyin sun ragu, tsofaffi ne kawai.

"Wanda ya kashe dorina ya rasa ƙaninsa a rana ɗaya, ɗan..."

Babu amsa. Aka juya ana neman Min Ajwang, makauniyar tsohuwa da aka zaunar a inuwa, wadda ta girmi marigayin. Ta motsa baki ta ce, "Mugulu." Aka maimaita bayanta da sauri. A na bakwai ta daɗe. Ta faɗi wani suna, wani dattijo ya ce a'a, wannan na dangin mijinta ne. Ta ce to ita dai haka take ji a kanta, ta kuma fara kuka, tana cewa a yi mata haƙuri, da ta sani da ta riƙe.

Daga nan Ogweno ya daina tsayarwa. Ya bar muryar ta tafi ita kaɗai. Wanda ya yi shekara bakwai a hannun maƙiya ya dawo da harshensa. Shiru. Wanda matansa suka haƙa rijiyar da ke bayan dutse. Shiru. Wanda ya ƙi cin kifi har ya mutu saboda ruwa ya ci ɗansa. Shiru. Mutum ɗari uku na tsaye cikin rana suna jin aikin kowane kaka, suna jin wurin da sunansa ya kamata ya faɗo. Na ƙarshe shi ne wanda ya zo daga hayin ruwa da mace ɗaya da ƙwaryar iri, ya ja kwalekwalensa kan yashi ya ce nan ne. Shi ma shirunsa daƙiƙa ɗaya ne, daidai da na kowa.

Ogweno ya kai yatsa zai kashe, domin iyakar abin da ya karanta ke nan. Sai ya ji tsohon ya yi dariya, ya bar Suba ya koma Luo, harshen da kowa a wurin ke ji.

"Ina yaron nan? Ya hau dutse da wayarsa? To ku bari, zai ji daga baya. Kai," muryar ta ɗauke, ta dawo, "ɗan ƙanena, na san ba ka jin yaren nan, ba laifinka ba ne, mu ne ba mu koya muku ba. Ga su nan na ba ka, duka goma sha huɗu. Kai ne mai wurin ajiya. In na tafi, ka tsaya ka kira mini su a hankali, kar ka yi sauri irin naku na birni. Ka ji ko," shiru.

Wannan sunan kowa a wurin ya san shi. Ogweno ya tsaya riƙe da wayar, kansa a ƙasa, yana jira. Gwaggo Akeyo na kallon cikin ramin. 'Yan uwan Nairobi na kallon takalmansu. Babu wanda ya faɗa.

Can wani dattijo ya yi gyaran murya, ya miƙa hannu aka ba shi shebur, aka fara zuba ƙasa.